Ranar Da Na Ce Ba Ni Na Haife Ta Ba

Shafi na 9

Daga Hure Basiru, Makoda

Bismillahi. Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Na ga saƙonninku. Masu cewa na yi kwana biyar ban saka komai ba, gaskiyarku ne. Ba ciwo na yi ba, ba kuma caji ne ya ƙare ba. Wannan shafin ne ya gagare ni. Sau uku ina farawa ina gogewa. Wadda ta rubuto ta ce in daina ja musu rai, Allah ya sa kada ki taɓa sanin abin da ke riƙe hannun mutum.

Ga waɗanda suka shigo yanzu. Maryam 'yata ce ta fari. Mijinta ya rasu a shekarar da taki ya gagare mu, gero bai kai mu damina ba. Wani ejan a Kano ya yi mata fasfo da biza, ta tafi aikin gida a ƙasar Larabawa. Wata bakwai tana kira duk Juma'a. Daga nan sai shiru. A inda na tsaya muku, mun yi wata uku ba mu ji muryarta ba.

Kun ga na rubuta sunanta. Yanzu ina rubuta shi sau nawa na ga dama. A lokacin kuwa ban taɓa kama shi da bakina ba. A ƙauyenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Ana yaye ta Gwaggo Kulu, yayar mijina Malam Basiru, ta ɗauke ta, ita ta raine ta har ta aurar. Ga shi kuma sunan surukata aka sa mata, Inna Mairo. Kunya biyu ke nan a kaina. Ni 'yar Gwaggo nake ce mata. Ita kuma Hure take ce mini, gatsal, yadda ta ji Gwaggo Kulu na faɗa.

To.

Ranar Talata ce, da hantsi.

Muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ni da matan maƙwabta su uku. Inna tana kan tabarmarta a inuwar darbejiya, tana tsince mana waɗanda suka ruɓe. Malam yana gona tun safe, suna ɗaurin damin gero.

Wayar tana ƙulle a bakin zanina. Ita kaɗai ce waya a gidan, Maryam ce ta saya mini kafin ta tafi. Ta Malam ta faɗa rijiya tun bazara. Ko lokacin da take kira duk Juma'a, ban taɓa magana da ita ba. In na ga lamba mai tsawo sai in miƙa wa Malam ko Inna, in koma bakin turmi in rage ƙarfin daka, ina saurare.

Wayar ta yi ƙara.

Lamba mai tsawo.

Malam ba ya nan. Inna kuma kunnenta ya yi nauyi, ta daina jin maganar waya sosai. Na danna.

Wayar nan tun da ta taɓa faɗuwa a sifika kawai take magana. Kowa a tsakar gidan yana ji.

"Salamu alaikum. Da Hure nake magana?"

Muryar namiji ce. Hausarsa wata iri, yana jan harshe kamar Balarabe.

"Ita ce."

"Ke ce uwar Maryam Basiru?"

Matan suka dakata da ɓara. Ɗaya ta rufe baki da hannu tana murmushi. Inna ta ɗago kai, don ko kurma yana jin sunansa. Ta zuba mini ido.

Wallahi ban yi tunani ba. Bakina ne ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin da huɗu.

"A'a."

"Ba ke ce uwarta ba?"

"'Yar Kulu ce."

"Kulu." Na ji kamar yana buɗe takarda. "To ina Kulu?"

"Allah ya yi mata rasuwa, shekara biyu ke nan."

"Ke mece ce a wajenta?"

"Ni matar gidan ce."

"Hajiya, amsa ɗaya nake so. Ke kika haife ta? Eh ko a'a?"

Na ji wani motsi a gefensa, kamar an ja kujera. A cikina ina ihu: lafiyarta ƙalau? Tana ina? Me ya hana ta kira? A bakina kuwa ga abin da ya fito.

"Na ce maka 'yar Kulu ce. Ka bari babanta ya dawo daga gona, sai..."

Ƙit. Aka kashe.

Matan suka kwashe da dariya.

"Kai, Hure! Har a waya ma?"

"Irinku sun ƙare wallahi. Yaran yanzu tun a asibiti suke ɗaukar hoto da ɗan fari a ƙirji."

"Ko dai miji ta samo a can? Kun ji muryarsa kuwa, wannan ya ci dabino ya ƙoshi."

Inna ta gyaɗa kai, ta ce, "Shi ya sa na zaɓo wa Basiru ita."

Na yi murmushi tare da su. Na ɓare gyaɗa biyar ko shida, don kada a ce na tashi saboda wayar. Sannan na ce zan zagaya.

A bayan rumbu na tsuguna na kira lambar. Wata mata ta ce katina bai isa kiran waje ba. Na sake. Na sake. A na huɗu wayar ta yi fari, ta mutu.

Da la'asar na kai ta shagon Nababa mai caji. Ya nuna mini injinsa a kwance.

"Fetur ya fi ƙarfina, Hure. Sai jibi in Allah ya kai mu, in na samo daga Makoda. Ajiye ta a layi."

Wayoyi sun fi talatin a kan teburinsa, duk a mace. Na ajiye tawa a cikinsu.

Za ku ce me ya hana in gaya wa Malam. Ni ma na tambayi kaina. Ta ina zan fara? Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa tayar masa da maganarta ba, shi ke kawowa in yi kamar ban ji ba. Kuma tsoro nake ji. Ina gani kamar in ban faɗa ba, abin bai faru ba.

Laraba na ƙona tuwo. Na zuba wa awaki ruwan wanki a maimakon na sha. Duk inda na juya sai in ji ƙarar kujerar nan da aka ja. Me ya sa mutum zai kira daga wata ƙasa don ya tambayi wa ya haifi wa? Ba a tambayar haka sai an mutu, ko ana gab da mutuwa. In na kawo nan sai in ce a'uzubillahi, in koma kan maganar maƙwabciyata, wataƙila manemi ne. Ban runtsa ba.

Alhamis da hantsi na ji ƙarar injin Nababa. Na tsaya a ƙofar shagon har wayar ta ɗan sha wuta. Ya kunna mini, ya duba, ya ɗago ya kalle ni.

"Wa ke nemanki haka? Saƙo ya shigo, lamba ɗaya ta kira ki sau goma sha ɗaya."

Na karɓe. Ban koma gida ba. Da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu na isa gona, don igiyarsa ta tsinke a hanya.

Malam yana durƙushe a kan dami yana jan igiya. Ya hango ni ba kwano ba tulu, ya miƙe da sauri.

"Inna ce?"

"A'a."

"To mene ne? Yi magana mana."

Mutanen da ke taya shi aiki suka ja gefe. Na rage murya.

"An kira. Daga can."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Shekaranjiya! Ita ce?"

"Wani mutum ne."

"Ya ce me?"

"Ya ce ko ni ce... ko ni na haifi 'yar Gwaggo."

"Sai kika ce me?"

Na kalli ƙasa.

"Hure. Sai kika ce me?"

"Na ce a'a."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Shekara ashirin da shida muna tare, Malam bai taɓa ɗaga mini murya a waje ba. Ranar ya ɗaga.

"Wata uku! Wata uku ina hawa mota zuwa Kano, ina zama a ƙofar ofishin ejan nan ana ce mini ya fita. Ranar da Allah ya kawo mai nemanmu da kansa, kika ce masa a'a?"

"Inna tana wajen."

"Inna!"

"Da mata uku. Wayar kuma a sifika take. Me ka so in ce a gabanta?"

"Ki ce 'yarki ce!"

"Yaushe ka taɓa jin na ce haka?"

Na ci gaba.

"Kai da kake mini faɗa, ka taɓa kama sunanta? Ba Uwata kake ce mata ba? Ranar da za ta tafi, a tasha, da na matso zan riƙe mata jaka, ba kai ka ce Hure koma baya mutane na kallo ba?"

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ban taɓa mayar masa da amsa ba sai ranar.

Ya zauna a kan damin. Ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana:

"Takardar ejan."

"Wace takarda?"

"Da suka ce a faɗi sunan uwa. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ni na ce su rubuta Kulu."

Muka kalli juna. Na ga tsoron da ke cikina ya shiga idonsa, sai nawa ya ninku. Da ina ganin in na gaya masa zai ce ba komai.

"Tashi," in ji shi, alhali shi ne a zaune. "Mu je wajen Kaltume."

Kaltume ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Makoda take aure, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a bakin tasha. Ita ke da babbar waya mai kiran waje da data.

Babur ɗaya muka hau. Ban taɓa hawa babur tare da Malam ba.

Mun same ta tana auna wa wani mai. Tasha cike, masu lodin gyaɗa, 'yan acaɓa, masu shayi. Ta ga ƙafata ba takalmi, ta ajiye kwalbar.

"Yaya, wa ya mutu?"

Malam ne ya yi mata bayani, a gajarce. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Yaya! Ke da kunyarki ta mutanen da! Ai ko ni da kin ce a kira ni, da na ce ni na haife ta, har da naƙudar kwana uku."

"Kaltume, kira kawai," in ji Malam.

Ta kwafi lambar. Ta ce sai mun matsa kusa da masu shayi, nan ne sabis ya fi ƙarfi. Muka tsaya a tsakiyar maza. Ta danna, ta sa a sifika saboda hayaniya.

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu.

"Salamu alaikum?"

Muryar ce.

Malam ya miƙa hannu zai karɓa. Ban san lokacin da na riga shi ba.

"Ni ce! Ni ce Hure! Ni ce uwar Maryam! Ni na haife ta, ranar Litinin, a ɗakin Gwaggo Kulu, ana ruwa. Maryam Basiru. Tana da tabo a ƙeya inda ta faɗo daga kan jaki. Ni na haife ta, ka rubuta!"

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Duk tashar ta juyo. Sunan ya fito daga bakina da nauyi, kamar ba Hausa ba. Ban damu ba.

Na ƙara ɗaga murya.

"Ka ji ni? Na ce ni ce."

"Na ji ki, Hajiya." Ya ja numfashi. "Na ji ki. Ina kika shiga? Sau goma sha ɗaya na kira."

"Ba wuta. Tana ina? Ba ta wayar."

"Ki bari in yi miki bayani tukuna. Babanta yana kusa?"

"Ga ni," in ji Malam.

"Sunana Abdulƙadir. A nan aka haife ni, kakana ne ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa, bai koma ba. Tafinta nake yi a wani gida da ake ajiye 'yan aikin da suka gudo daga inda suke aiki."

"Gudowa ta yi?"

"Eh. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Ba takalmi ta zo. Hannunta na hagu a ƙone, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ta ce dutsen guga ne."

Kaltume ta ce wayyo Allah. Na riƙe wayar da hannu biyu don kada ta faɗi.

"Matar gidan ta ƙwace wayarta tun wata uku da suka wuce. Fasfonta ma yana hannun matar. A nan, in yarinya ta zo ba fasfo, sai uwa ko uba ya tabbatar da ita da bakinsa, sannan a nema mata takardar komawa gida. In ba a samu wanda ya tabbatar ba, wanda ke riƙe da takardar aikinta shi ke da iko da ita."

"To ga mu mun tabbatar," in ji Malam.

"Baba, ka saurara. Takardar da ejan ya aiko ta ce sunan uwa Kulu. Ita kuma ta ce uwarta Hure. Jami'in da ke duba maganarta ya ce ƙarya take yi, ya saba ganin masu canza labari. Ta rantse. Ta ce lamba ɗaya ta haddace a duniya, a kira."

Na ce, "Da ka kira, tana ina?"

Na sake tambayarsa.

"Malam Abdulƙadir, tana ina a lokacin?"

"Tana gefena, Hajiya. Kujerarta tana taɓa tawa."

Kujerar.

Kaltume ta riƙe ni, wani ya turo benci. Na zauna.

"Ta ji?"

"Wayar a sifika take. Jami'in ya ce in ta yi magana ko tari, zai ɗauka alama take ba ki, zai kashe. Shi ya sa ta yi shiru."

"Ta ji na ce..."

"Ta ji duka."

Ban iya tambayar ba. Kaltume ce ta sunkuyo ta yi mini.

"Me ta ce?"

"Dariya ta yi. Hawaye na zuba tana dariya. Ta ce, ita ce, wallahi ita ce, da ta ce eh da na ce muku ba ita ba ce. Ta miƙe za ta ƙwaci wayar, jami'in ya kashe. Ya juyo ya tambaye ni, me matar ta ce, eh ko a'a?"

"Ka ce me?" in ji Malam.

"Baba, ni tafinta ne. Abin da aka faɗa nake mayarwa. Na ce masa a'a ta ce. Ya rubuta."

"Kai ba Bahaushe ba ne?" Kaltume ta ɗaga murya. "Ba ka san 'yar fari ba?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Mu a nan ba ma yi. Ta ma gaya mini tun farko, ta ce ka nemi babana, kada ka yi mata wannan tambayar. Na ɗauka tsoron faɗa take ji. Sai da na koma gida na ba tsohuwata labari. Ta jefe ni da mafici. Ta ce, shashasha, 'yar fari ce, ko wuƙa ka sa wa matar nan a wuya ba za ta ce eh a gaban mutane ba. Tun daga lokacin nake kira."

Muryarsa ta karye. Yaro ne ashe, bai fi sa'an Maryam ba.

Malam ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Abin da ya wuce ya wuce. Yanzu ga uwarta ta faɗa, mutum ya fi hamsin sun ji. Ka koma wajen jami'in. Ka ba yarinyar waya mu ji muryarta."

"Baba..."

"Ka ba ta."

"Ba ta nan."

Hayaniyar tasha tana nan, na sani, amma ni na daina ji.

"Jiya bayan azahar matar gidan ta zo da direba da takardar aiki. Tunda ba wanda ya tabbatar da ita, aka ba su ita."

"Aka ba wa? Wadda ta ƙona ta?"

"Eh."

"Kana tsaye?"

"Ina tsaye. Na yi magana, aka ce in fita waje."

"Ina gidan yake?" in ji Malam. "Ka je. Don girman Allah ka je, ko ƙofar ka gani."

"Ba a cikin gari ba ne. Maryam ta ce gonar dabino ce, tafiyar awa biyar a mota, ba maƙwabta. Ranar da ta gudo a bayan motar kayan lambu ta ɓuya. Ban san sunan wurin ba. Yana cikin takardar, takardar tana ofishin jami'in."

"To ka karɓo."

"An tashi aiki. Gobe Juma'a, jibi ma ba a buɗewa. Sai Lahadi."

Na ƙirga da yatsu kamar ƙaramar yarinya. Alhamis. Juma'a. Asabar. Ta riga ta kwana ɗaya a can. Mutumin da ya sa maka dutsen guga kana yi masa biyayya, me zai yi maka bayan ka gudu ka tona masa asiri?

Malam ya juya baya, ya dafa bangon shagon mai shayi. Kafaɗunsa suna motsi.

"Hajiya, kina ji na?"

"Ina ji."

"Akwai saƙo. Da aka ce motar ta iso, ta roƙe ni aron wayata, ta yi magana a ciki. Ta ce in kin kira in tura miki. Ke ta ce, ba babanta ba. Zan kashe in turo, in kin saurara ki sake kira."

Ya kashe.

Muka tsaya muna kallon wayar. Kaltume ta ɗaga ta sama tana neman sabis. Wayar ta yi ƙara, saƙon ya shigo.

"Ga shi," in ji ta. "Gajere ne, daƙiƙa goma sha huɗu. Yaya, in ba wa Malam ya fara ji?"

Na karɓe daga hannunta. Duk Juma'ar da yarinyar nan ta kira, miƙa wa wani nake yi. Na ce ta nuna mini inda ake dannawa.

Na danna.

Numfashi da farko, sama sama, kamar wadda ta yi gudu.

"Umma."

Ƙannenta ne ke ce mini Umma. Ita ba ta taɓa ba. Ko sau ɗaya.

"Umma, ni ce. Kada ki yi kuka, na san ke ce, ban ji haushi ba wallahi. Na ji muryarki. Ki ce wa Baba... Umma, ga ta nan. Ga ta nan ta shigo. Umma, ta zo da..."

Ƙofa ta bugu. Muryar mace da Larabci, tana ihu. Wani abu ya faɗi ƙasa.

Shi ke nan.

Na sake dannawa. Na sake. A wuri ɗaya yake tsayawa.

"Kira shi," na ce wa Kaltume.

Sai da ta yi kuskure sau biyu. Ya ɗauka tun kafin ta gama ƙara.

"Kin ji?"

"Na ji. Kana ɗakin lokacin?"

"Ina ɗakin."

"Da me matar ta zo?"

Na matso da wayar kusa da bakina.

"Malam Abdulƙadir. Ta ce ta zo da. Da me?"

Ya rage murya.

"Hajiya, wannan ba maganar da za ki ji ba ce. Ba wa babanta wayar."

Malam ya juyo, ya miƙo hannu.

Na matse wayar a ƙirjina.

"A'a," na ce. "Ni ce uwarta. Faɗa mini."